Audugar Daudawa da Shawarar da Ba Ta San Manomi Ba

Shekaru masu yawa, irin audugar da ake raba wa manoman Arewacin Najeriya ta Daudawa yake biyowa, garin da a yau yake cikin ƙaramar hukumar Faskari. Masanan binciken noma na Samaru ne ke zaɓen irin, a kawo shi gonar Daudawa a yawaita, a ba manoman kewaye su shuka, a kai abin da suka ɗiba injin gurza, sannan a ware anguryar a watsa ta sauran ƙasa. Iri kuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Malamin gona na biye da shi da shawara: a shuka auduga da wuri, wajen tsakiyar Yuni, a shuka ta ita kaɗai, ba dawa ba wake a tsakaninta. Daga baya aka ƙara da taki da feshin maganin ƙwari. Manoman ƙasashen Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa sun karɓi irin hannu bibbiyu, tunda kyauta ake ba da shi, amma shawarar sai akasarinsu suka saurare ta da ladabi suka bar ta a bakin gona. Haka aka yi ta tafiya, masu ba da shawara na cewa manomi ya cika taurin kai, manomi na shuka audugarsa a Yuli. A ganina shawarar nan gaskiya ce, illarta kawai an gina ta kan bayani iri ɗaya tak, kuma ba ta fara amfani ba sai da aka je aka nemo bayanan da ba a gonar gwaji suke ba. Wannan ita ce matsalar da masu ƙera manhajojin intanet, waɗanda ke zaɓa wa mutum fim ko kaya ko labari, suka shafe shekara talatin suna fama da ita, kuma tarihin audugar kudancin Katsina ya riga su ganin amfanin maganin da kuma haɗarinsa.

Kuskuren ya girmi gonar Daudawa. A 1902 masu masaƙun Lankasha a Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA, don sun gaji da dogaro da audugar Amurka. Suka dubi ƙasar Hausa suka ga abin da ido ke gani: ƙasa mai kyau, ruwan sama daidai gwargwado, jama'a masu yawa da suka gaji noman auduga kaka da kakanni. Suka lissafa cewa da zarar dogo ya isa Kano, auduga za ta riƙa kwarara zuwa bakin teku. Dogo ya isa a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, sai ga gyaɗa ce ta cika taragai. Abin da lissafin bai ƙunsa ba shi ne audugar nan tana da masu ita tun tuni, wato mata masu kaɗi, da masaƙa, da marina, da fatake masu yawo da tufafin Kano ƙasa-ƙasa, kuma kuɗin da waɗannan ke biya ya fi na kamfani tsoka. Sai Turawa suka mai da hankali kan ƙasar Zazzau da kudancin Katsina, inda ruwa ya fi yawa. Suka shigo da irin Amurka mai suna Allen wajen 1912, suka kuma yi doka cewa ba a sayar da audugarsa sai a kasuwannin da hukuma ta amince da su. A shekarun 1920 aka buɗe gonar iri ta Daudawa. Dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, aka kafa injin gurza a Funtuwa, auduga ta zama ita ce kuɗin yankin.

A fuloti, wato kasuwar auduga, ake ganin iyakar abin da hukuma ta sani. Bayan kaka manomi ya kawo audugarsa a kan jaki ko a ka, malamin duba auduga ya cusa hannu can tsakiyar ƙunshin ya zaƙulo, don ya san akwai masu shimfiɗa fara tas a sama su ɓoye mai dauɗa da ganye a ƙasa. Ya ce lamba ɗaya ko lamba biyu, a ɗora kan sikeli, akawu ya rubuta nauyi, a ƙirga kuɗi, mutum ya wuce biyan haraji, abin da ya saura a yi sutura da hidimar aure. Littafin akawu ya san auduga har fam ɗin ƙarshe. Bai san mutum nawa ne ke ci daga gandun da ya kawo ta ba, bai san ko rumbun gidan ya kai su damina ba, bai kuma san hannu nawa ne suka riƙe fartanya ba.

Haka ma gonar gwaji. A can akwai lebura da ake biya, akwai ruwa kusa, kuma abu ɗaya ake aunawa: nauyin audugar da kadada ta bayar. A kan wannan ma'auni babu gardama, audugar da aka shuka a Yuni ta fi ta Yuli yabanya nesa ba kusa ba, don ta fi samun ruwa da tsawon lokaci. Sai dai ƙarshen Yuni da farkon Yuli su ne lokacin da manomin wannan yanki ba shi da lokacin kansa. Gero da dawar da ya shuka da ruwan fari sun tashi, ciyawa ta tashi tare da su, idan noman farko ya yi jinkirin mako biyu an yi asarar abincin shekara. A daidai lokacin rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, 'yan ƙwadago sun yi wuya domin kowa na gonarsa, marasa ƙarfi ma suna barin tasu su je su yi wa wani aiki don a sami na tuwon dare. Auduga kuwa ba a cinta, kuɗinta ba ya shigowa sai wajen Disamba. Wanda ya ce wa mai gida ya ajiye noman dawa ya je ya yi huɗar auduga a wannan tsakani, ya ce masa ne ya sa cikin iyalinsa a caca. Feshin da aka ƙara a kan shawarar ya zo da tasa wahalar. Ana so a fesa har sau shida da famfon goyo, famfon kuwa ruwa yake sha ba kaɗan ba, kuma ruwan sai an ɗebo shi daga rafi ko rijiya an kai gonar da ta yiwu tana da nisa da gari.

Gyaran ya fara ne lokacin da wasu a Samaru suka daina tambayar abin da auduga ke so, suka koma tambayar abin da gida ke yi da kwanakinsa. David Norman, masanin tattalin arzikin noma a Jami'ar Ahmadu Bello, shi da abokan aikinsa sun zaunar da ma'aikata a ƙauyukan Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa na ƙasar Zazzau a 1966 zuwa 1967, suna bin gidaje a kai a kai tsawon shekara, suna rubuta wa ya yi aiki, a wace gona, na awa nawa, me aka shuka tare da me, me aka samu. Alƙaluman suka nuna abin da manoma suka daɗe da sani: haɗa amfani biyu ko uku a gona ɗaya ya fi kawo kuɗi a kan kadada, ya kuma fi tabbas idan damina ta yi gardama, kuma abin da ya fi ƙaranci a gidan manomi shi ne hannun aiki a Yuni da Yuli, fiye da ƙasar noma. A farkon shekarun 1970 aka kawo wannan salon bincike yankin Daudawa, aka gwada shawarar auduga a gonakin manoma na gaske, masu garmar shanu. Sakamakon ya raba gardama. Wanda ya bi shawarar ya fi samun riba a kadada, amma aikin da ta ɗora masa ya faɗo ne a makonnin da aiki ya fi tsada, don haka ladan kowace awa a wannan lokaci bai kai yadda zai ja hankalinsa ba. Daga nan masana suka shiga neman shawarar da ta dace da audugar da aka shuka a Yuli, duk da sun san ba za ta kai ta Yuni yabanya ba, aka kuma koma ga ɗan ƙaramin injin feshi mai aiki da batir wanda maganinsa ba ya buƙatar a yi ta jidar ruwa. Ba a gano wani sabon sirri game da tsiron auduga ba. Littafin awannin aiki aka ajiye kusa da littafin nauyin amfani, shawara ta canza.

Masu manhajojin intanet sun bi kusan wannan hanya. Dabarar farko, wadda aka fara gwadawa a Amurka a farkon shekarun 1990 kuma kamfanin Amazon ya shahara da ita, ta dogara ne da abu ɗaya: tarihin abin da mutane suka saya ko suka ba maki. Idan waɗanda suka sayi wannan sun sayi wancan, kai ma sai a nuna maka wancan. Dabarar na aiki, amma tana makancewa gaban baƙon da bai taɓa sayen komai ba, da sabon kayan da ba wanda ya taɓa, kuma ba ta san dalilin da ya sa mutum ya yi abin da ya yi ba. A Oktoban 2006 kamfanin Netflix ya saki maki sama da miliyan 100 da masu kallo kusan 480,000 suka ba fina-finai 17,770, ya sa ladan dala miliyan 1 ga duk wanda ya inganta hasashensa da kashi 10 cikin 100. Sai da aka kai Satumban 2009 kafin a ba da kyautar, kuma cikin abubuwan da suka taimaki waɗanda suka ci akwai bayanan da ba makin kansa ba: ranar da aka ba da makin, yadda ra'ayin mutum ke sauyawa da tafiyar lokaci, da kuma jerin fina-finan da ya ga damar ba maki ko da bai yaba su ba. Yau manhajojin na haɗawa da wurin da mutum yake, da irin wayarsa, da lokacin da yake kallo, da abokansa, da bayanin kayan kansa.

Mai karatu na iya cewa an matsa wa kwatancen nan, don can na'ura ce ke lissafi kan miliyoyin mutane cikin ƙiftawar ido, nan kuwa malamai ne da littafi da fensir a ƙauyuka uku. Bambancin girma da sauri gaskiya ne, amma ba ya taɓa gindin maganar. Ko na'ura ko malamin gona, mai ba da shawara yana da abin da yake aunawa, kuma duk abin da bai shiga ma'auninsa ba, a wurinsa babu shi. Gonar gwaji ta auna nauyi a kadada, ta ga manomi na kuskure. YouTube ya daɗe yana auna yawan danna bidiyo, sai masu kanun yaudara suka cika shi, har a 2012 ya koma auna tsawon lokacin da ake kallo, wanda shi ma ya zo da nasa ciwon, tunda abin da ke riƙe ido ba lallai ne ya zama abin da ke amfanar mai idon ba. Tambayar da ta rage a kowane hali ita ce ribar wa ake aunawa. A nan tarihin auduga ya fi na intanet fitowa fili. Tun daga 1949 hukumar cinikin auduga ce ke yanka farashi, daga 1954 kuma hukumar ciniki ta Jihar Arewa, kuma sau da yawa abin da ake ba manomi bai kai farashin kasuwar duniya ba, rarar tana tafiya asusun gwamnati. Wanda ke son tan ya yawaita a tashar jirgi da wanda ke son iyalinsa su kai kaka lafiya ba buƙatarsu ɗaya ba, ko da sun tsaya a gona ɗaya. Da farashin ya yi kyau, da wasu sun ɗauki 'yan ƙwadago sun shuka a Yuni ba tare da an roƙe su ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba na jin za a iya kawar da ita gaba ɗaya. Ƙarin sani game da mutum ƙarin iko ne a kansa. A ƙauyukan nan akwai waɗanda suka san duk abin da Samaru ba ta sani ba tun kafin a zo da littafi: ɗan kasuwar gari da dillalin hatsi sun san wanda rumbunsa ya ƙare, da wanda matarsa ta kusa haihuwa, da wanda haraji ya sha masa kai. Da wannan sani wani ya taimaki maƙwabcinsa da rance ko jari. Da shi kuma wani ya ba da falle, ya miƙa kuɗi kaɗan a tsakiyar damina ya karɓi amfani mai yawa da kaka, domin ya san ranar da mutumin ba zai iya cewa a'a ba. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya tare da na Gusau da Gombe, kuma ya haɗa da gundumomin Faskari da Ƙanƙara, ya nuna wata fuskar. Ya yi hanyoyi, ya buɗe cibiyoyin sayar da taki, ya tattara alƙaluma masu ɗimbin yawa, shi ne kuma ya share wa masara fagen da take ci har yau a kasuwanni irin su Ɗandume. Amma malaman gonarsa sun fi mai da hankali kan waɗanda aka kira manoma masu ci gaba, galibi masu manyan gonaki, sai ya zama wanda aka riga aka sani shi ake ƙara sani, shi ake ƙara ba shawara da kaya. Manhajar da ke yawaita nuna abin da ya riga ya yi suna, ta bar sabo a duhu, wannan ciwon ne ke damunta.

Netflix ma ya ɗanɗana kuɗarsa. Ya cire sunaye daga bayanan da ya saki, amma wasu masana biyu na Jami'ar Texas, Arvind Narayanan da Vitaly Shmatikov, suka nuna cewa idan aka gwama su da ra'ayoyin da mutane suka rubuta a fili a shafin IMDb, ana iya gane wasu masu kallon. Dabarar haɗa bayanai daga wurare biyu, wadda ke gyara shawara, ita ce dai ta tona asiri. Gasa ta biyu da kamfanin ya shirya, wadda za ta ƙunshi shekarun mutane da jinsinsu da yankin da suke zaune, an soke ta a Maris na 2010 bayan ƙara a kotu da tambayoyin hukuma. Mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan wannan. A shekarun nan na 'yan bindiga, sanin wanda ya sayar da shanu ranar kasuwa, ko wanda ya loda masara mota biyu, ya zama abin da infoma ke sayarwa, kuma ya ci rayuka da dukiya.

Duk da haka ban ga cewa maganin shi ne a koma ga shawarar makaho ba, domin ita ma ta yi ɓarnarta, ta sa an shafe shekaru ana zargin mutane da jahilci alhali lissafinsu ya fi na masu zarginsu cika. Abin da ya raba aikin Daudawa da na mai falle ana iya nuna shi da yatsa. Manomi ya san ana rubutawa, ya san me ake rubutawa, bayanin ya shafi matsalar da ake son warwarewa kai tsaye, kuma sakamakonsa shi ne aka sauya shawarar ta bi manomi, ba a yi amfani da rauninsa don a matse shi ba. Da waɗannan sharuɗɗa ya kamata a auna duk manhajar da ke neman izinin shiga lambobin wayar mutum da saƙonninsa da wurin da yake kwana. Dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta yi a 2023 ta tanadi irin wannan a rubuce, cewa a nemi yarda kuma kada a ɗebi fiye da abin da ake buƙata. Ko tanadin zai isa ƙauye, wannan wata magana ce.

An rushe hukumar auduga a 1986, masaƙun Kaduna da Kano suka yi ta durƙushewa, masara da waken suya suka karɓe gonaki da yawa. Shawara kuma ta fara komawa cikin waya. A 'yan shekarun baya an gwada manhajar Nutrient Expert a yankin masara na jihohin Kaduna da Katsina da Kano, wadda maimakon ta faɗi adadin taki ɗaya ga kowa, sai ta tambayi tarihin gonar da abin da aka saba zuba mata. Binciken da aka yi a kanta ya nuna manoma sun fi karɓar shawarar idan an haɗa musu da bayanin yadda riba ke iya hawa ko sauka in farashi ya juya. Darasin shekarun 1970 ne ya sake fitowa da sabuwar riga. Amma akwai bayanin da har yanzu ba ya cikin taswirar ƙasa ko hasashen damina na hukumar NiMet. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama saboda tsaro, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Tsawon watanni duk wata na'ura da ke koyo daga abin da mutane ke yi a waya ba ta ga kowa a wannan yanki ba, alhali mutane na nan suna girbi, suna yanke shawarar wace gona za su je, wace za su bar wa daji. Gonar da ta fi kowace albarka a idon tauraron ɗan'adam na iya zama wadda mai ita ya shekara uku bai taka ba. Masu ƙera wa manoman kudancin Katsina manhajar shawara, kafin ku gaya wa mutum buhu nawa zai zuba, ku tambaye shi wace gona yake iya zuwa bana da mutum nawa zai samu ranar noman farko, sannan ku gaya masa a hannun wa amsarsa za ta kwana.